Gurbin Mara Lafiya da Mai Jinyarsa a Ajin Horar da Ma'aikatan Lafiya

Babu likita, ko nas, ko ungozoma, ko mai gashin ƙashi da ya ƙware ba tare da ya koyi aikinsa a jikin wani ba. Akwai mutumin da ya miƙa masa hannu ya yi allurarsa ta farko, akwai wanda ya kwanta ya haƙura aka yi ta danna masa ciki domin ɗalibai su ji yadda kumburin hanta yake, akwai kuma iyalin da ma'aikacin jin daɗin jama'a ya fara shiga gidansu yana ɗalibi, yana yi musu tambayoyin da ko makusantansu ba sa yi. Ta wannan fuska, marasa lafiya sun daɗe a cikin harkar horarwa. William Osler, likitan da ya yi fice wajen fitar da ɗalibai daga ɗakin lacca zuwa bakin gadon mara lafiya a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya faɗa a wani jawabi a 1903 cewa bai kamata a yi koyarwa ba sai da mara lafiya a gaba, kuma mafi ingancin darasi shi ne wanda mara lafiyan ya koyar da kansa. Makarantu sun riƙe rabin farko na maganarsa da kyau. Rabi na biyun ne aka yi shekaru ana tsallakewa, kuma a kansa nake so in tsaya.

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibitin koyarwa ya san yadda zagayen safe yake gudana. Babban likita yana gaba, ƙananan likitoci da ɗalibai suna biye da shi, a tsaya a kan gado, ɗalibi ya karanto tarihin ciwon daga fayil da kalmomin da mai ciwon ba ya fahimta, a yaye mayafi, a ce "ku matso ku ga wannan," malami da ɗalibai su yi tambaya da amsa a tsakaninsu, sannan a wuce gado na gaba. Wanda ke kwance ya ba da jikinsa an yi karatu, amma ba a tambaye shi abin da ya fahimta game da ciwon da ya fi kowa daɗewa da shi ba. Wanda ke jinyarsa kuwa, sau da yawa an riga an ce ya fita waje kafin a fara. Ɗalibin da ya yi shekaru yana ganin haka zai fita da wani darasi da ba a rubuta a manhaja ba, wato mara lafiya abin dubawa ne kawai, ilimi kuma daga wajen masu farar riga yake fitowa.

Ra'ayina shi ne akwai ilimin da yake hannun marasa lafiya da masu jinyarsu wanda ba ya hannun kowa, kuma ilimi ne na aiki wanda rashinsa yake jawo kuskure a magani. Shekara tana da awa 8,760. Mai ciwon suga, ko sikila, ko farfaɗiya, ko ciwon ƙoda, 'yan awoyi kaɗan daga ciki yake yi a gaban ma'aikacin lafiya idan ba kwantar da shi aka yi ba, sauran duka shi da iyalinsa ne suke fama. Shi ya san alamar da jikinsa yake ba shi kafin ciwon ya tashi, shi ya san ƙwayar da ya daina sha saboda tana sa shi jiri a wurin aiki, kuma shi ya san dalilin da ya hana shi gaya wa likita cewa ya daina. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Karin maganar bai ce mai ɗaki ya fi magini sanin gini ba, amma maginin da aka horar ba tare da ya saba jin ta bakin mai ɗaki ba zai daɗe yana gyaran inda ba nan ruwan yake zuba ba.

An auna yadda rashin sauraren yake a zahiri. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Howard Beckman da Richard Frankel, sun naɗi ganawa 74 tsakanin likitoci da marasa lafiya, suka gano cewa a matsakaici likita yakan katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 da fara bayani, kuma kashi 23 cikin ɗari ne kawai suka samu suka kai ƙarshen abin da ya kawo su. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne idan aka ƙyale mara lafiya ba zai yi shiru ba, alhali layi yana jira. A 2002 aka buga wani bincike daga birnin Basel na Siwizalan inda aka nemi likitoci su yi shiru su bar mutum ya gama, sai aka ga matsakaicin lokacin da mutane suka ɗauka daƙiƙa 92 ne, kuma kusan kashi 78 cikin ɗari sun gama cikin minti biyu. Ana iya koya wa ɗalibi waɗannan alƙaluma ya haddace su. Sai dai tasirinsu daban ne da na ranar da wani dattijo zai zauna a gabansa ya ce masa, "Ɗana, abin da ya kawo ni shi ne na uku a cikin abubuwan da nake so in faɗa, amma kullum a na farko ake tsayar da ni."

Matakin farko da aka ɗauka a wannan hanya ya fara ne da masu kwaikwayo. A 1963 Howard Barrows, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya horar da wata mata mai ƙoshin lafiya ta kwaikwayi mai shanyewar ƙafafu domin a gwada ƙwarewar ɗalibai a kanta. Yau wannan dabara ta zama ruwan dare a makarantun likitanci, kuma tana da amfani sosai, domin ɗalibi yana iya yin kuskure ba tare da ya cutar da kowa ba. Amma mai kwaikwayo yana faɗin abin da malamai suka rubuta masa ne, saboda haka fahimtar malamai ce take dawowa ga ɗalibi ta bakin wani. An ƙara gaba a Jami'ar Iowa, inda likitan mata Robert Kretzschmar ya horar da mata su koya wa ɗalibai yadda ake duba al'aura da mahaifa a jikinsu, su ne masu bayani, su ne kuma masu cewa "nan ka yi gaggawa" ko "nan akwai zafi." Haka nan an horar da masu amosanin gaɓɓai a ƙasashe da dama su koyar da duba gaɓɓai da nasu hannuwan da gwiwoyin, kuma binciken da ya kwatanta ɗalibansu da na likitocin fannin ya nuna ba su gaza ba wajen iya duban. A nan ne mara lafiya ya fara tashi daga matsayin abin nunawa zuwa matsayin malami.

Babban sauyin tunani kuwa daga marasa lafiyan kansu ya taso. A 1983 wasu masu fama da ƙanjamau suka haɗu a birnin Denver na Amurka suka fitar da ƙa'idojin da suka ƙi amincewa a riƙa kallonsu a matsayin abin tausayi, suka nemi a sa su a duk matakin yanke shawara da ya shafe su. A taron ƙoli na Paris a 1994, ƙasashe 42 suka amince da ƙa'idar ƙara shigar da masu ɗauke da cutar cikin yaƙi da ita. Lokacin da aka tashi faɗaɗa ba da maganin rage kaifin cutar a ƙasashen Afirka, tsarin horon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya ya haɗa da horar da masu ɗauke da cutar su zama masu horarwa: su zauna a gaban nas ko jami'in lafiya su gabatar da matsala, shi ya yi tambayoyinsa ya yanke shawara, su kuma su gaya masa inda ya yi daidai da inda ya tsallake. Na kawo wannan ne domin kada a ɗauka abin na ƙasashe masu kuɗi ne kaɗai. A gundumar Chitwan ta Nepal ma an gwada sa mutanen da suka yi fama da lalurar ƙwaƙwalwa suka samu sauƙi su shiga horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, suna ba da labarin rayuwarsu da hotunan da suka ɗauka da kansu, kuma gwajin farko ya nuna alamun raguwar ƙyama a tsakanin ma'aikatan da aka horar ta wannan hanya.

Ingila tana cikin wuraren da abin ya zama sharaɗi. Lokacin da aka ɓullo da sabon digirin aikin jin daɗin jama'a a 2003, ma'aikatar lafiya ta wajabta wa jami'o'i su sa masu cin gajiyar hidimar da masu kula da su a zaɓen ɗalibai, da tsara manhaja, da koyarwa, da tantancewa. Daga 2014 hukumar da ke rajistar masu gashin ƙashi, da ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya, da masu ɗaukar hoton ciki, da sauran sana'o'i makamantansu ta sa irin wannan sharaɗi a kan duk kwas ɗin da take amincewa da shi. Ba a banza aka kai ga haka ba. Rahoton da lauya Robert Francis ya fitar a 2013 a kan abin da ya faru a asibitin garin Stafford na Ingila tsakanin 2005 da 2009, wanda ya zo da shawarwari 290, ya nuna yadda marasa lafiya da danginsu suka yi ta kuka a kan rashin kulawa ba a saurare su ba, har sai da dangin suka kafa ƙungiya suka matsa aka yi bincike.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Oliver McGowan, saurayi ɗan Ingila mai shekara 18, mai lalurar galahanga (autism) da ɗan raunin koyo da farfaɗiya. An kwantar da shi a asibiti a 2016 saboda farfaɗiyar, kuma shi da iyayensa sun gaya wa ma'aikata cewa magungunan taɓin hankali ba sa karɓarsa, domin an taɓa ba shi sun yi masa illa. Duk da haka an ba shi wani daga cikinsu, ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, ya rasu a watan Nuwamba na shekarar. Wani bita mai zaman kansa da aka fitar a 2020 ya ce akwai yiwuwar da an kauce wa mutuwar. Mahaifiyarsa, Paula McGowan, ta yi ta fafutika har dokar lafiya da kulawa ta 2022 ta wajabta wa asibitoci da gidajen kulawa masu rajista a Ingila su horar da ma'aikatansu a kan raunin koyo da galahanga. Horon da gwamnati ta tsara don wannan yana ɗauke da sunan Oliver, kuma abin da ya bambanta shi shi ne masu waɗannan lalurori da kansu suna cikin masu koyarwa, a matsayin ma'aikatan da ake biya. Bayanin da zai iya ceton ran yaron yana nan a ɗakin, a bakinsa da bakin iyayensa. Abin da aka rasa shi ne ma'aikatan da aka horar su ɗauki irin wannan bayani da nauyin da suke ba sakamakon gwajin jini.

A cikin wannan magana duka, mai jinya ne aka fi mantawa da shi. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum miliyan 5 ne a Ingila da Wales suke kula da wani nasu ba tare da albashi ba, kuma a ko'ina cikin duniya mafi yawan jinyar da ake yi a gida ake yin ta, a hannun mata da miji da 'ya'ya da 'yan'uwa waɗanda ba wanda ya koya musu. Na taɓa zama a bayan wani aji na ɗaliban aikin jinya inda aka gayyato wata mata da mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ta zo da jakar magungunansa da takardar sallamar da aka ba su, ta shimfiɗa su a kan tebur. Ta nuna musu yadda take juya shi ita kaɗai cikin dare ta hanyar jan zanen gado, domin kada gyambon kwanciya ya kama shi, da yadda ta gano da kanta, bayan ya sha ƙwarewa, cewa sai an tayar da shi zaune sosai a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ta ce ranar sallama ma'aikaciyar da ke bakin aiki ta karanta mata jerin abubuwan cikin 'yan mintoci ita kuma tana haɗa kaya, da aka tambaye ta ko ta gane sai ta ce ta gane, saboda kunya da kuma ganin ana sauri. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Mama, me ya kamata a ce an yi miki a ranar?" Matar ta ce, "'Yata, da an ce in yi a gabanku ku gani, da kun san ban iya ba."

Abin da ta faɗa yana cikin littattafan koyar da sadarwa, inda ake cewa a nemi mara lafiya ko mai jinyarsa ya maimaita bayanin da bakinsa ko ya gwada da hannunsa kafin a sallame shi. Ɗaliban sun karanta shi a baya. Amma a ranar suka ga abin da tsallake shi yake haifarwa a gida da tsakar dare, lokacin da babu kowa sai mace guda da namijin da ya fi ta nauyi. Irin wannan fahimta ce ta sa wasu makarantu suka daina wadatuwa da gayyata ta rana guda. Jami'ar Northwestern da ke Amurka ta fara a 1997 haɗa ɗalibin likitanci na shekarar farko da mutumin da ke matakin farko na cutar mantuwa su riƙa haɗuwa a wajen asibiti. A kudancin Ingila, makarantar likitanci ta Brighton da Sussex tare da Jami'ar Surrey sun tsara shirin da ɗalibai bibbiyu suke ziyartar iyali guda mai fama da cutar mantuwa tsawon shekara biyu. A Jami'ar British Columbia ta Kanada kuma, tun 2011 ake haɗa ɗalibai daga fannoni daban-daban a ƙaramin rukuni ƙarƙashin jagorancin mai ciwo mai daɗewa ko mai jinya, su yi watanni suna koyo a wurinsa. Wanda ya bi iyali tsawon lokaci zai ga yadda ciwo yake sauya aure da sana'a da barci da tattalin gida, abin da ganin minti goma a ɗakin likita ba zai taɓa nuna masa ba.

Ga inda nake da damuwa. Da zarar abu ya zama sharaɗin da hukuma take dubawa, akwai hanya mai sauƙi ta cika shi a takarda. A gayyato mutum guda a ƙarshen zango, a ba shi minti ashirin ya ba da labarin mafi munin ranar rayuwarsa, wasu ɗalibai su yi hawaye, a tafa masa, ya biya kuɗin motarsa ya koma gida, a rubuta a rahoto cewa an shigar da marasa lafiya. Tun a 1969 wata marubuciya Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta kwatanta shigar da jama'a cikin yanke shawara da tsani mai matakai takwas, ta nuna cewa sanar da mutane da jin ra'ayinsu da lallashinsu duk suna tsakiya ne, inda ake ganin kamar an ba su dama alhali iko bai motsa daga inda yake ba. Mafi yawan abin da ake yi a makarantu a wannan tsakiyar yake. Labarin da ya sa hawaye yana da nasa amfani, amma idan shi kaɗai ake nema daga mara lafiya, an sake mayar da shi abin nunawa ne, sai dai a wannan karon zuciyarsa ake yaye wa mayafi.

Idan da gaske malami ne, to a yi masa abin da ake yi wa malami. A gaya masa su wane ne ɗaliban, wace shekara suke, me ake so su fita da shi, a kuma tambaye shi abin da shi yake ganin ya kamata su sani. A horar da shi yadda ake tsayawa a gaban aji da yadda ake gyara wa ɗalibi ba tare da karya masa gwiwa ba. A biya shi lokacinsa da sufurinsa, idan kuma mai jinya ne a tuna cewa kafin ya fito sai ya samu wanda zai zauna da mara lafiyansa, wannan ma ɗawainiya ce. A ƙasashen da ake ba naƙasassu da marasa lafiya tallafin gwamnati, biyan yana iya taɓa tallafin, saboda haka makaranta ce ya kamata ta binciko ƙa'idar tun kafin ta jefa mutum cikin matsala. Jami'ar Montreal ta Kanada ta nuna iyakar da abin zai iya kaiwa, domin a 2010 tsangayar likitancinta ta buɗe ofishin haɗin gwiwa da marasa lafiya ta ɗora Vincent Dumez a kansa, mutumin da aka haifa da cutar rashin daskarewar jini kuma ya kamu da ƙanjamau da ciwon hanta ta hanyar gurɓataccen jinin da aka ba shi. Wannan kujera ce a cikin tsangaya, mai alhakin zaɓo marasa lafiya masu koyarwa da horar da su da sa hannu a manhaja.

Akwai kuma kariyar da mutum yake buƙata. Maimaita labarin rasuwar ɗa ko na ranar da aka ɗaure mutum a gadon asibitin ƙwaƙwalwa yana tayar da ciwon da ya lafa, don haka dole ya kasance yana da ikon cewa wannan tambaya ba zan amsa ba, kuma a samu wanda zai zauna da shi bayan darasi ya ji yadda yake. Bai kamata likitan da yake duba shi ya zama mai gayyatarsa kai tsaye ba, domin da wuya mutum ya ce a'a ga wanda lafiyarsa take hannunsa. Ɗalibai kuma su san cewa abin da aka faɗa a ajin amana ne kamar abin da ke cikin fayil. Batun izini a koyarwa bai tsufa ba, tunda sai a watan Afrilu na 2024 ma'aikatar lafiya ta Amurka ta fitar da umarnin cewa asibitoci su samu rubutaccen izini kafin ɗalibai su duba al'aurar mara lafiya, musamman wanda aka yi wa allurar barci don tiyata.

Masu shakka suna da hujjojin da bai kamata a raina ba. Suna cewa labarin mutum guda ba ya wakiltar duk masu ciwon, kuma gaskiya ne. Makarantu sukan zaɓi wanda ya yi karatu, ya iya magana da harshen koyarwa, kuma ya ji daɗin yadda aka kula da shi, domin shi ne ya fi sauƙin zama da shi. Wanda bai yi boko ba, da kurma, da mai taɓin hankalin da bai gama lafawa ba, da yarinyar da take jinyar mahaifiyarta tana makaranta, da wanda ya fusata saboda an cutar da shi, su ne ba a cika gani a aji ba, alhali su ne ma'aikata suka fi kasa fahimta a bakin aiki. Maganin wannan shi ne a yawaita muryoyin, a kawo tafinta, a je inda mutanen suke idan ba za su iya zuwa ba, a yi aiki da ƙungiyoyin marasa lafiya maimakon zaɓo mutum ɗai-ɗai. Suna kuma cewa hujjar bincike ba ta da ƙarfi, kuma a nan ma suna da gaskiya zuwa wani mataki: yawancin nazarin da aka yi yana auna yadda ɗalibai suka ji ne jim kaɗan bayan darasi, kaɗan ne suka bi su har bakin aiki don ganin ko halinsu ya sauya. Wannan dalili ne na inganta binciken. Lacca ta awa biyu a kan tausayi ma ba a taɓa neman ta kawo irin wannan hujja kafin a sa ta a manhaja ba. Hujjar da ba ta da nauyi a wurina ita ce wadda ake cewa mara lafiya ba zai iya koyar da ilimin sassan jiki ko haɗa magani ba, domin ba wanda ya ce ya koyar da su.

Wurin da nake ganin za a fi gane ko makaranta da gaske take shi ne jarrabawa. Ɗalibi yana karanta abin da ya san za a ba shi maki a kai, wannan kuwa halin kowane ɗalibi ne. Tun da malamin likitanci Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta Sikotilan suka bayyana jarrabawar aiki mai tashoshi a 1975, inda ɗalibi yake zagayawa daga tasha zuwa tasha yana gwada abin da ya iya a gaban mai dubawa, aka samu wuri mai kyau da mara lafiya zai ba da nasa hukuncin. Malami zai iya tantance ko ɗalibi ya yi tambayoyin da suka dace kuma ya gano ciwon. Amma ko bayanin ya fito yadda za a fahimta, ko an gaisa an faɗi suna kafin a taɓa jiki, ko mutum ya ji zai iya faɗin abin da yake jin kunyar faɗa, wanda aka yi wa bayanin ne ya fi cancantar ya yanke. Idan makinsa yana shiga cikin sakamako, har ɗalibi zai iya maimaita tasha saboda shi, to a nan ɗalibai za su fahimci cewa sauraro yana cikin aikin. Haka yake a ganawar ɗaukar sababbin ɗalibai, inda mai jinyar da ya yi shekaru yana hulɗa da ma'aikata yakan lura da wanda yake kallon mai magana da wanda yake jiran a gama ya faɗi abin da ya haddace.

A kwamitin tsara manhaja kuma, kada a sa mutum guda a tsakiyar farfesoshi goma a ce an ba shi murya. A sa aƙalla biyu domin su ƙarfafi juna, a aika musu takardun taro da wuri cikin harshe mai sauƙi, a sa taron a lokacin da mai jinya zai iya barin gida, sannan bayan zango ya ƙare a koma a gaya musu wace shawararsu aka ɗauka, wacce aka bari, da dalilin barin ta.